Daga Gida Zuwa Rafukka: Tafiyar 'Yan Kwalejin Katsina Neman Ilmi, 1921 – 1938

Gabatarwa

Duk wanda ya shiga unguwar Rafukka a birnin Katsina zai ga wani tsohon gini na jar ƙasa, mai kaurin bango, wanda yanzu yake ɗauke da gidan adana kayan tarihi. Tun shekarar 1959 aka sanya shi cikin gine-ginen tarihi na ƙasa. Wannan gini shi ne tsohuwar Kwalejin Horon Malamai ta Katsina. An yi rubuce-rubuce da dama a kan manyan mutanen da suka fito daga cikinta, amma a nawa ganin an yi sakaci da wani ɓangare na labarin, wato yadda aka rabo waɗannan yara da iyayensu, da hanyar da suka biyo, da abin da nisa da gida ya mayar da su. A kan wannan nake so in yi bayani, musamman saboda 'yan'uwana malaman makaranta, waɗanda har gobe iyaye ke tunkara da tambayar ko su bar yaro ya yi nisa.

Fita neman ilmi kafin zuwan Turawa

Mai karatu ya sani cewa Bature bai koya wa Bahaushe barin gida don karatu ba. Tun ƙarni na 15 malamai ke shigowa Katsina suna fita. Shaihu Magili ya zo Kano da Katsina wajajen 1493. A ƙarni na 17 an yi Wali Ɗanmarina da Wali Ɗanmasani, waɗanda almajirai ke yo takakka daga nesa domin ɗaukar karatu a gabansu. Haka kuma akwai Muhammadu Alkashnawi, masanin hisabi da taurari, wanda ya tafi aikin Hajji, ya zauna a Alƙahira yana karantarwa har Allah ya yi masa rasuwa a can cikin 1741. Shi kansa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo sai da ya bi Malam Jibrilu ɗan Umaru har Agadas. Ga kuma gardawan da ke tafiya gabas, ƙasar Barno, domin haddar Alƙur'ani, wasunsu sai sun shekara bakwai ko goma kafin a sake ganinsu.

To amma waccan tafiya tana da nata tsari. Uba ne ke ɗaukar ɗansa da hannunsa ya danƙa wa malamin da ya yarda da shi, ko kuwa baligi ya ɗauki buzunsa da gafakarsa ya bi sunan wani shehi da ya ji labari. An san abin da za a karanto, an san ribarsa duniya da lahira. Ita kuwa tafiya Rafukka hukuma ce ke zaɓen yaro, ita ke faɗin ranar tashi, karatun kuma na Nasara ne. Don haka kada mu yi saurin zargin iyayen da suka ɓoye 'ya'yansu a rumbu ko suka tura su ruga. Ba a fi shekara 18 ba da yaƙin da aka yi a Sakkwato da Burmi a 1903, waɗanda suka ga abin da idonsu suna nan da ransu.

Dalilin kafa kwalejin da zaɓen Katsina

Makarantar boko ta gwamnati ta farko a Arewa ita ce wadda Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nassarawa ta Kano cikin 1909. Bayan 'yan shekaru sai aka rarraba aikin, kowane lardi ya sami tasa makaranta. Nan fa matsala ta taso, ga makarantu babu malamai 'yan ƙasa da za su koyar da Ingilishi da lissafi mai zurfi, Turawa kuma ba su son ɗauko malamai daga Kudu. Wannan ya sa aka yanke shawarar kafa wuri guda da za a tara zaɓaɓɓun yara Musulmi daga dukkan larduna, a horar da su shekara biyar, sannan kowa ya koma lardinsa ya karantar. An fara karatu a 1921, Gwamna Sir Hugh Clifford kuma ya yi bikin buɗewa ranar 5 ga Maris, 1922.

A jawabinsa na wannan rana Gwamnan ya kawo hujja biyu na zaɓen Katsina. Ta farko, gari ne da Musulmi ke girmamawa a kan ilmi tun da. Ta biyu, yana nesa da hanyar jirgin ƙasa da hayaniyar garuruwan ciniki. Hujjar nan ta biyu abin lura ce, domin ta nuna cewa nisan da yaran suka sha wahalarsa da gangan aka zaɓe shi. Jirgi ya iso Kano tun 1911, amma daga Kano zuwa Katsina akwai sauran tafiyar kimanin mil 100.

Akwai dalili na uku da ya kamata a ƙara, shi ne Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944. Sarki ne mai son sabon abu, shi kansa kuma matafiyi ne, don a 1921 ɗin nan ya tafi Hajji ta jirgin ruwa har ya biya ta Ingila. Uban da ke Yola ko Bida, in an ce masa ɗansa zai zauna ƙarƙashin idon sarkin Musulunci, alhaji, hankalinsa ya fi kwanciya.

Hanya

Mafi shahara cikin labaran hanyar shi ne na Ahmadu Raɓa, wanda daga baya ya zama Sardaunan Sakkwato. Ya shiga kwalejin a 1926, ya fita a 1931. Kamar yadda ya bayyana a littafin tarihin rayuwarsa, daga Sakkwato zuwa Katsina tafiya ce ta kimanin mil 170, kuma a ƙasa suke yin ta cikin kwana bakwai, 'yan alaro na ɗauke da kayansu. In aka raba, kusan mil 24 ke nan kowace rana. Malamin da ke son ɗalibansa su fahimci wannan sai ya auna masu da wani gari da suka sani mai irin wannan nisa, ya ce su yi tunanin zuwa can a ƙafa yau, gobe su ƙara gaba kamar haka, har mako ya zagayo. Kuma ba sau ɗaya ba ne, duk hutun da za a je gida sai an yi ta zuwa da dawowa.

Na Sakkwato ma suna kusa. Kashim Ibrahim ya taso daga Barno ne a 1925, tun jirgi bai isa Nguru ba, don sai 1930 ya kai can. Aliyu, wanda ya zama Makaman Bida, daga ƙasar Nufe ya zo. Yahaya, wanda ya zama Madawakin Ilori, daga ƙetaren Kwara. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya zo daga Bauci a 1928, Sa'adu Zungur ya biyo bayansa. Waɗanda garinsu ke kan hanyar jirgi sukan shiga jirgi zuwa Kano ko Zariya, sauran tafiyar a ƙarasa a kan doki, ko a ƙafa, ko cikin motar kaya bayan da motoci suka fara yawa. Da aka ja reshen jirgi daga Zariya ta Funtuwa zuwa Gusau da Ƙauran Namoda, wanda aka gama a 1929, 'yan yamma sun ɗan sami sauƙi.

Irin wannan tafiya tana bin ƙa'idar fatake ne. A yi asubanci a tashi tun da sanyi, a yada zango kafin rana ta take, a sauka gidan dagaci ko hakimi. Saboda haka yaro ɗan shekara 15 ko 16 yakan isa makaranta ya riga ya ga kasuwanni da rafuka da duwatsun da aka ce zai karanta a darasin labarin ƙasa, ya kuma ji yadda harshe ke sauyawa daga zango zuwa zango. Na daɗe ina ganin cewa sanin ƙasa da Sardauna da abokansa suka nuna lokacin rangadin siyasa, tushensa yana cikin waɗannan tafiye-tafiye.

Bari in ɗan ratse da abin da ya faru gare ni, don in nuna cewa tsoron bai gushe da wuri ba. A 1968 aka ɗauke ni makarantar horon malamai a wani lardi, tafiyar wuni guda a mota. Daren da zan tashi mahaifiyata ba ta ce da ni uffan ba, saboda ni ɗan fari ne, sai dai na ga ƙullin yaji da ƙuli-ƙuli da dakuwa a cikin akwatina. Kakata ce ta yi magana. Ta kama hannuna ta ce, "Maigida, ashe sakina za ka yi ka auri boko? To ka ji, in sun ce ka bar salla, ka baro masu akwatin ka taho." Mahaifina kuwa ya raka ni tasha, ya danƙa ni ga direba, ya ce, "Malam, ga amana nan." Motar ta lalace a hanya muka kwana a daji, na kwana rungume da akwatin ina kuka a ɓoye. Wannan fa shekara 47 ke nan bayan buɗe kwalejin Katsina, ga mota, ga gidan waya. Sai mai karatu ya kwatanta halin da uwar yaron 1921 ta shiga.

Su wa aka tura

Ana yawan cewa kwalejin ta 'ya'yan sarakuna ce. Akwai gaskiya a ciki, amma ba duka ba. Lalle Ahmadu Raɓa jinin Shehu ne. Sai dai sananne ne cewa hakimai da yawa, in Razdan ya matsa a kawo yaro, sukan ɓoye nasu su miƙa ɗan bara ko ɗan wani talaka da ba shi da bakin musu. Mahaifin Abubakar Tafawa Ɓalewa ma'aikaci ne a gidan hakimi, ba basarake ba. Abubakar Imam kuwa ɗan gidan malamai ne daga Kagara, wansa Malam Bello Kagara, wanda ke koyarwa a kwalejin, shi ya kawo shi Katsina, ya shiga kwalejin a 1927. Shekara 30 bayan haka, wasu 'ya'yan da aka ɓoye sun wayi gari suna neman alfarma a ofishin waɗanda aka tura a madadinsu. Dattawa da yawa sun ba ni irin wannan labari, kowa da sunan garinsu.

Yawansu kuma kaɗan ne ƙwarai. Kowane ɗalibi yana da lamba bisa jerin shigowa. Lambar Ahmadu Raɓa 87 ce, ta Abubakar Tafawa Ɓalewa 145. Wato daga 1921 zuwa shigarsa a 1928, yaran da aka ɗauka daga faɗin Arewa duka ba su wuce aji uku na makarantar gwamnati ta yau ba. Babu mace ko ɗaya a ciki. Makarantun 'yan mata na gwamnati sai 1930 aka fara su a Katsina da Kano, su ma a cikin gari, kusa da fada, don a lokacin ba mai yarda 'yarsa ta yi nisa.

Zaman Rafukka

An raba ɗalibai gida-gida: Arewa, Kudu, Gabas, Yamma, Hankaka da Illela. Ginin ƙasa ne irin wanda suka saba da shi, sutura kuma riga da hula ce. Turawan sun yi haka ne da niyya, don kada yaro ya koma gida ya raina zauren ubansa. En'e ta kowane lardi ita ke ɗaukar nauyin yaranta. Ana koyar da Ingilishi da lissafi da tarihi da labarin ƙasa da dabarun koyarwa, ga kuma Larabci da addini a hannun malamai 'yan ƙasa. An fi matsawa a kan furucin Ingilishi, har ya zama ana gane ɗan kwalejin Katsina da ya buɗe baki. Laƙabin mai muryar zinare da aka yi wa Tafawa Ɓalewa a nan aka dasa shi. Da yamma kuma a fita wasan kurket da fayis. Shi fayis ɗin, wanda ake buga ƙwallo da tafin hannu a jikin bango, ya kama ƙasa sosai, har yau ana buga shi a Katsina da wasu garuruwan Arewa.

Amma babban abin da zaman ya haifar ba ya cikin manhaja. A nan Babarbare da Banufe da Bayaraben Ilori da Bafillacen Adamawa da Basakkwace suka kwana gida ɗaya shekara biyar, suna cin tuwo tare, suna jinyar juna in zazzaɓi ya kama. Kakannin wasunsu sun yaƙi juna, domin Barno ba ta taɓa bin Sakkwato ba. Wanda bai iya Hausa ba dole ya koya. Kafin wannan lokaci mutum Bakano ne ko Bazazzagi ko Babarbare. Tunanin cewa akwai wani abu wai shi ɗan Arewa, a ganina, ɗakunan Rafukka suna cikin wuraren da ya fara tsiro. In aka dubi gwamnatin Jihar Arewa daga 1954, za a ga Firimiya Ahmadu Bello, da Makaman Bida a ma'aikatar kuɗi, da Isa Kaita wanda ya riƙe ma'aikatar ilmi, da Kashim Ibrahim wanda ya zama Gwamna a 1962, a Ikko kuma ga Tafawa Ɓalewa Firayim Minista daga 1957 da Musa 'Yar'aduwa cikin ministocinsa. Mafi yawansu sun san juna tun suna samari, sun san halin juna.

Harshen Hausa ma ya ci riba. A gasar ƙaga labarai da Rupert East ya shirya a 1933, cikin littattafai biyar da aka buga uku sun fito daga mutanen Rafukka: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Abin sha'awa, dukkan ukun labaran mutumin da ya bar gida ne ya yi nisa. Imam kuma shi ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara a 1939.

Abin da aka yi hasara

Ba zan ɓoye ɗaya gefen ba. Yaron da ya bar gida yana ɗan shekara 15 ya dawo yana 20, ya dawo da agogo da harshen da uwarsa ba ta ji. Wasu sun tarar an binne uba ko uwa, labari bai riske su ba sai bayan makonni. Malaman zaure suna yi masu kallon almajiran Nasara, hakimai suna tsoron su ƙwace masu matsayi, Turawan mulki kuma ba su son malamin makaranta mai yawan tambaya. Sai suka zama 'yan tsakiya, abokin hirarsu na gaskiya sai wanda suka yi Rafukka tare. Wannan kaɗaici yana cikin abin da ya tura su kafa ƙungiyoyin tattaunawa a shekarun 1940, waɗanda daga cikinsu jam'iyyun siyasa suka tsiro.

Sa'an nan tsarin kansa ƙunci gare shi. An shirya shi ne don ya fitar da malaman makaranta da ma'aikatan En'e, saboda haka ƙofar gaba a tsuke take. Sa'adu Zungur ya wuce Babbar Kwalejin Yaba ta Ikko a 1934, shi ne ɗan Arewa na farko a can, amma bai daɗe ba ya dawo. Shi Tafawa Ɓalewa, da ya gama a 1933, sai 1945 ya sami zuwa Landan ƙaro ilmin koyarwa, shekara 12 ke nan yana jira. A daidai wannan lokaci Kudu ta riga ta tara lauyoyi da likitoci. Giɓin da ake ta magana a kansa har yau, wani ɓangarensa daga nan ya samo asali.

A 1938 aka tashi kwalejin daga Katsina zuwa Kaduna, a 1949 ta koma Zariya, a 1971 aka raɗa mata suna Barewa. Jerin lambobin ya ci gaba, Shehu Shagari da Yakubu Gowon da Murtala Muhammed duk suna cikinsa.

Tambayar iyayen yau

Hanyar da Ahmadu Raɓa ya bi a ƙafa kwana bakwai ta ratsa ƙasar da a 'yan shekarun nan mai mota ma yake shiga da fargaba. Ranar 11 ga Disamba, 2020, 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kwana ta Ƙanƙara. A Fabrairun 2021 aka yi irin haka a Kagara, mahaifar Abubakar Imam, kwana tara bayan nan kuma aka ɗauki 'yan mata 279 a Jangebe. Gwamnatoci suka rufe makarantun kwana da dama a lokacin. Kakata tsoronta kada boko ya raba ni da salla. Tsoron uwar yau kada a shiga ɗakin kwana da dare a tafi da ɗanta.

Kwanan baya wani tsohon ɗalibina, wanda yanzu shi ma malami ne, ya zo gaishe ni. Bayan mun gaisa ya ce, "Baba Malam, yaron wajena ya ci jarrabawar makarantar kwana a wata jiha, uwarsa ta ce sai dai bayan ranta. Me ka gani?" Na tambaye shi ko makarantar cikin gari take ko bakin daji, ko tana da katanga, ko akwai wani nasa a garin da zai riƙa leƙa yaron. Ya ce cikin gari take, kuma ƙanen matarsa yana aiki a can. Na ce to ya ɗauki uwar yaron su je ta ga wurin da idonta, ta ga ɗakin da zai kwana da malamin da ke kula da gidan, in ta dawo ba ta yarda ba kada ya tilasta mata. Na kuma ce kafin su yanke shawara ya kawo yaron Rafukka, in zagaya da shi cikin tsohon ginin. Sun zo ranar wata Asabar. Yaron ya daɗe yana shafa bangon, sa'an nan ya juyo ya tambaye ni inda 'yan Barno suke ajiye kayansu in sun iso.